Daga Gidan Kallo Zuwa Gidan Magani: Tarihin Siliman Palace na Jakara a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Wanda duk ya nazarci tarihin birnin Kano a ƙarni na 20 zai tarar da cewa baƙin abubuwa da dama sun ƙetara ganuwa, sun shiga cikin gari, sun zauna. Daga cikinsu akwai asibiti, da makarantar boko, da ruwan famfo, da wutar lantarki, da rediyo. Kowannensu ya sha tsangwama da zargi sa'ad da ya zo, amma a kwana a tashi aka saba da shi, har ya zama ba a iya rabuwa da shi. Akwai kuwa baƙo guda wanda ya shiga birni, ya shekara 31 a tsakiyarsa, amma bai taɓa samun karɓuwa wurin dattawan gari ba, har ranar da aka sallame shi. Wannan baƙo shi ne gidan siliman Palace, wanda aka buɗe a unguwar Jakara, daura da kasuwar Kurmi, cikin shekarar 1952, aka kuma rufe shi cikin shekarar 1983, aka mai da gininsa asibiti.

Wannan maƙala za ta bi tarihin gidan domin amsa tambayoyi uku. Na farko, me ya sa kafa shi ya tayar da ƙura, alhali kuwa akwai gidajen silima a Kano shekaru goma sha biyar kafin zuwansa? Na biyu, wane irin gini ne, kuma yaya fasalinsa ya shafi zamansa da maƙwabta? Na uku, me rufe shi ya kawar, me kuma ya kasa kawarwa? Amsoshin suna da muhimmanci ga ɗalibin Hausa, domin ta irin waɗannan gidaje ne aka shigo da wasu kalmomi da karin waƙa da salon labari waɗanda suka yi tasiri a kan adabin Hausa na zamani.

2.0 Birni da Waje

Ba za a fahimci rigimar Palace ba sai an fahimci yadda aka tsara Kano bayan zuwan Turawa. Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Turawa ba su zauna cikin birni ba. Sun kafa mazauninsu can gabas da ganuwa, a Nasarawa da Bompai, suka bar fili wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa, wanda bisa ƙa'idar mulkin Lugga faɗinsa yadi 440 ne. 'Yan Kudu da suka biyo jirgin ƙasa, akawuna da leburori da 'yan kasuwa, aka ba su Sabon Gari. Kwara, watau 'yan kasuwar Sham da Labanan, suka zauna a Fagge ta Kudu. Birni kuwa aka bar shi a hannun Sarki da alƙalansa da hukumar En'e, aka hana sayar da giya a cikinsa, aka kuma hana 'yan mishan kafa coci.

Daga nan ganuwa ta sami sabon aiki. A da, tun zamanin Sarki Gijimasu wanda ya fara gina ta, aikinta kare gari daga mahara. A zamanin Turawa kuwa ta zama iyaka tsakanin tarbiyya iri biyu. Abin da ke ciki shi ne “gari”, wurin mutunci da addini da kunya. Abin da ke bayanta shi ne “waje” ko “bariki”, kalmar da asalinta mazaunin soja take nufi, amma ta koma tana nufin duk wurin da mutum ya kuɓuce wa idon iyayensa. Har yau in aka ce wa mutum “ɗan bariki” ko aka ce wa mace “'yar bariki”, ba yabo aka yi ba. Saboda haka duk abin da aka fara gani a waje, in ya nemi shiga birni, da warin waje yake shigowa.

3.0 Majigi da Silima

Hoto mai motsi ya zo wa Hausawa ta ƙofa biyu, kuma harshen Hausa ya ba kowace ƙofa sunanta. Ta farko ita ce majigi, sunan da aka aro daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango. Majigi na gwamnati ne. Mota ce take zuwa da injin wuta da na'ura, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a yi shela, jama'a su taru maza da mata da yara, ba a biyan ko anini. Abin da ake nunawa shi ne tsabta, da rigakafin cututtuka, da noman gyaɗa da auduga, da labarun daular Ingila, wani ma'aikaci kuma yana tsaye yana bayani da Hausa. Wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers ne ya yi fice wajen wannan aiki a Nijeriya, shi ne kuma aka ba shugabancin sashen shirya fina-finai na ƙasashen da Ingila ke mulka sa'ad da aka kafa shi a 1939. Da yake majigi a gaban sarakuna ake yin sa, a fili, da izininsu, bai sami mummunan suna ba, ko da yake da farko akwai masu kiran hoton da ke motsi “dodon bango”.

Ƙofa ta biyu ita ce silima, wadda ta 'yan kasuwa ce. A nan gini ne tsayayye, a wuri ɗaya, ana biya kafin a shiga, abin da ake nunawa kuma labarun soyayya ne da faɗa da raha waɗanda aka shirya a Amurka da Ingila domin nishaɗi. Gidan farko da aka gina a Kano domin wannan sana'a shi ne Rex, wanda wani Kwara ya buɗe a 1937, a waje. Tsarinsa na farko ya nuna zamaninsa, domin an ware wasu darare ga Turawa da Kwara, wasu kuma ga baƙaƙen fata. Bayan Rex aka sami El Duniya, shi ma a waje.

Malamai sun ƙi silima tun farko, kuma hujjojinsu sanannu ne. Akwai maganar sura, domin hadisai sun yi gargaɗi a kan masu yin surar abu mai rai, ga shi kuwa wannan sura har motsi take yi tana magana. Akwai cuɗanyar maza da mata cikin duhu, tun da yake matan da ake gani a can akasari ba matan aure ba ne. Akwai kuma maƙwabtakar gidajen da mashaya da gidajen rawa. Amma muddin abin yana bayan ganuwa, malami zai yi wa'azi, uba zai tsawata wa ɗansa, a bar waje da halinsa.

4.0 Gobarar El Duniya

Ran Lahadi, 13 ga watan Mayu na 1951, gobara ta tashi a gidan siliman El Duniya ana tsakiyar kallo. Daga cikin mutane kimanin 600 da ke ciki, 331 suka rasu. Gwamnati ta naɗa Mai Shari'a Percy Hubbard ya bincika, binciken kuma ya gano cewa wutar ta faro ne daga ɗakin na'ura, inda fim ya kama, ta bi rufin ginin ta watsu.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan batu, domin a gane cewa haɗarin ba baƙo ba ne a sana'ar. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai suna naitiret, wanda dangin albarushi ne. Yana kamawa da zafi kaɗan, in kuma ya kama yana samar wa kansa iskar da wuta ke ci, saboda haka ko an zuba masa ruwa ba ya mutuwa, ga hayaƙi mai guba. Fitilar na'urar kuwa zafinta mai tsanani ne, kuma ta gabanta fim ɗin yake wucewa. In ya tsaya cak na ɗan lokaci, sai wuta. An yi irin wannan gobara a ƙasashen Turai tun farkon silima. Kamfanin Kodak ya fito da sabon fim marar saurin kamawa a 1948, amma tsofaffin fina-finai sun ci gaba da yawo a ƙasashe irin Nijeriya, inda ake kawo su bayan sun gama cin kasuwarsu a wasu wurare.

Wannan shi ne bayanin hukuma. A cikin gari kuwa wani bayani ne ya bazu. Aka ce hukuncin Allah ne ya sauka a kan masu saɓo. Aka ce tun ana ginin gidan masu wucewa suke tsine masa, tsinuwar ce ta kama shi. Jita-jita ta yi ƙarfi cewa fim ɗin da ake nunawa a daren yana ɗauke da surar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har sai da gwamnati ta fito ta ƙaryata. Sunan gidan ma ya taimaka wa wannan fassara, domin a kunnen Bahaushe “duniya” kishiyar “lahira” ce, ita ce gidan ruɗi. Wani abu da gobarar ta tona shi ne cewa mafi yawan waɗanda suka rasu Hausawa ne, samari. Ashe ganuwa ba ta hana 'ya'yan gari fita kallo ba. Da dare ya yi sai su bi ƙofofi su nufi waje.

5.0 Buɗe Palace

Ba a cika wata goma sha huɗu da wannan musiba ba, ran 2 ga watan Yuli na 1952, aka buɗe Palace a Jakara. Shi ne gidan silima na farko a cikin ganuwa. Ma'anar sunan da Ingilishi ita ce “fada”.

Wurin da aka zaɓa ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Jakara a matsayin kurmi mai baƙin ruwa wanda mutanen farko suke girmamawa, tun kafin Musulunci ya kafu. A gefensa aka kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar da ta zama matattarar fatake daga Arewacin Afirka da Barno da Gwanja. Unguwannin da ke kewaye da ita na attajirai ne da malamai da masu sana'a, gidaje ne na kulle da makarantun allo. Ga ɗan kasuwa, babu wurin da ya fi nan dacewa, domin nan jama'a take, nan kuɗi yake. Ga mazauna unguwa kuwa, an ɗauko bariki ne an dasa musu a ƙofar gida.

Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, shi ne ya amince da buɗe gidan. Wannan bai saɓa wa halinsa ba. A zamaninsa aka buɗe aikin ruwa da lantarki na Kano a 1931, a zamaninsa aka kawo rediyon waya a 1944, a zamaninsa kuma aka gina sabon masallacin Juma'a. Sarki ne mai addini wanda kuma bai ji tsoron sabon abu ba. Amma a wannan karo amincewarsa ba ta sanyaya zukata ba. Samari suka taru suka yi ta jifa, sai da aka kira 'yan sanda. Abin bai tsaya a ranar ba. Bayan watanni, shugaban 'yan sanda yana ta kuka cewa tun da aka buɗe gidan ake jifan masu kallo daga bayan bango, kuma in an kama masu jifan an kai su gaban alƙali, sai ya sake su. Masanin nan Brian Larkin ya kawo wannan labari daga takardun gwamnatin lokacin a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Akwai abin lura a nan. Alƙali ma'aikacin En'e ne, a ƙarƙashin Sarki yake, Sarki kuwa ya amince da buɗe gidan. Duk da haka alƙalin bai ga laifin mai jifa ba. Wannan ya nuna cewa saɓanin ya ratsa har cikin hukumar gargajiya kanta. Ya kamata kuma a tuna da yanayin siyasar lokacin. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, samarin birni sun fara ɗaga murya a gaban masu sarauta, abin da a da ba a saba gani ba. Zamani ne da umarnin fada ya daina wadatarwa shi kaɗai wajen rufe bakin jama'a.

6.0 Fasalin Ginin

Palace fili ne da aka kewaye da dogon bango, sararin samaniya a bisansa, kamar akasarin gidajen siliman Kano na wancan zamani. Tsarin irin waɗannan gidaje ɗaya ne. A gaba akwai babban farin allo. A baya akwai ɗakin na'ura, mai ƙananan tagogi waɗanda haske ke fitowa ta cikinsu. A tsakani akwai wuraren zama hawa-hawa: bencina a kusa da allo su ne masu araha, kujerun baya kuwa, inda ake samun 'yar rumfa, su ne masu tsada. Fim yana zuwa ne a naɗe cikin faya-fayai da dama, na'urar tana jan sa hoto 24 a kowace daƙiƙa, in faifai ya ƙare a koma kan na gaba. Fim ɗin da ya sha yawo yakan tsinke, sai allo ya yi fari, 'yan kallo su ɗau ihu har a ɗinke shi.

Rashin rufi yana da amfani a ƙasa mai zafi, bayan abin da ya faru a El Duniya kuma yana kwantar da hankali. Amma ya jawo abubuwa uku waɗanda suka shafi zaman gidan da unguwa. Na farko, ba a iya kallo sai duhu ya yi, saboda haka silima ta zama harkar dare, lokacin da ɗan mutunci ya kamata a ce yana gida ko yana gaban malaminsa. Na biyu, bango yana tare ido amma ba ya tare kunne. Kiɗa da harbe-harbe da sowar 'yan kallo suna tsallakewa su faɗa cikin gidajen maƙwabta, har ɗakunan matan da ba su taɓa taka ƙofar gidan ba. Na uku, abin da ya bar sauti ya fita shi ne ya bar dutse ya shiga.

In aka gwada wannan gini da gidan Bahaushe, za a ƙara fahimtar abin da ya dami dattawa. Gidan Bahaushe yana da zaure, inda baƙo ke tsayawa, da shigifa, sa'an nan cikin gida, inda ba mai shiga sai muharrami. Kowane taro na gari kuma, ko a fada, ko a masallaci, ko a wurin ɗaurin aure, yana da tsarin zama wanda shekaru da ilmi da asali suke yankewa. A silima babu sallama, babu cire takalmi, babu durƙusawa. Tikiti ne kaɗai yake raba mutane. Yaron kanti in yana da kuɗi sai ya zauna a bayan ɗan hakimi, a kujerar da ta fi tasa daraja. Taro ne wanda ba shi da babba, cikin duhu, a tsakiyar garin da ya ginu a kan girmama na gaba.

7.0 Abin da Aka Kalla

Da farko fina-finan Amurka da na Ingila ne suka cika allo, musamman na kaboyi. Daga shekarun 1950 Kwara masu rarraba fina-finai suka fara shigo da na Indiya, cikin ɗan lokaci kuma suka mamaye kasuwar Arewa. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi a Kano, jama'a ba su gaji ba. A shekarun 1970 fina-finan faɗa na Sin suka shigo, samari suka shiga kwaikwayon Bruce Lee a lunguna. A 1972 dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta sa gidajen silima cikin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan Nijeriya, amma canjin masu gida bai canza abin da ke kan allo ba.

Dalilin karɓuwar fina-finan Indiya ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kallo bai jin harshen, amma yana gane labarin: saurayi da budurwa suna son juna, iyaye sun ƙi, mai kuɗi ya shiga tsakani. Yana ganin rawani da doguwar riga da mayafi, yana ganin kunya tsakanin masoya da biyayya ga uwa. Duk waɗannan ya san su a gida. Ta haka karin waƙoƙin Indiya ya shiga bakin yara, har aka sami ƙungiyoyin bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin su ɗora masa baitocin begen Annabi. Karin da ya fito daga gidan da malamai suka la'anta, sai ga shi a bakin masu yabo a wurin mauludi.

Harshe ma ya ɗauki rabonsa. Kalmomi irin su fim, da silima, da tikiti, da akta, da bos, da kaboyi duk ta wannan ƙofa suka shigo ko suka yaɗu. Yaron da ya ce “akta ba ya mutuwa” ya riga ya koyi wata ƙa'ida ta ginin labari, ko da bai taɓa shiga ajin adabi ba. A ɗaya gefen kuwa, “ɗan silima” ya zama zagi, ɗan'uwan “ɗan iska”.

8.0 Rufewa

Da tafiya ta yi nisa, sunan Palace ya ƙara ɓaci. Kewayensa ya zama matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye, mazauna unguwa kuma suka yi ta kai kuka. Abin da dattawan 1952 suka yi hasashe ya tabbata a idonsu. Sai dai akwai wata fuska ta al'amarin da ya kamata a duba. Tun ranar farko an yanke wa gidan hukuncin cewa ba wurin mutanen kirki ba ne. Saboda haka magidanci ba ya zuwa da iyalinsa, mai mutunci in ya je a ɓoye yake zuwa. Wurin da masu kunya suka ƙaurace wa kuwa, marasa kunya ne suke gaje shi. Mummunan sunan ya taimaka wajen haifar da mummunan halin, halin kuma ya dawo ya gaskata sunan.

Wanda ya kawo ƙarshen al'amarin shi ne Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ɗan cikin birni, tsohon ɗan NEPU, wanda ya ci zaɓen gwamnan Jihar Kano a 1983 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP. Ya hau mulki ran 1 ga Oktoba, soja suka kifar da gwamnatin farar hula ran 31 ga Disamba. Cikin waɗannan watanni uku ya rufe Palace, ya mai da ginin asibiti, jama'ar birni kuma suka yi na'am da matakin.

Zaɓin asibiti yana da ma'ana. Da rushe ginin aka yi, da an kawar da ɓarna kawai. Da aka mai da shi gidan magani, sai ya zama kamar an yi masa wankan tsarki: ƙofar da a da mace mai mutunci ba ta kusanta, ta zama ƙofar da take shiga da goyonta da rana tsaka. Akwai kuma wani abin mamaki. Asibiti ma baƙo ne, Turawa ne suka kawo shi, kuma a farkon zuwansa mutane gudunsa suke yi. Baƙon da aka riga aka karɓa ne ya gaji ɗakin baƙon da aka ƙi. Haka nan, Sarki ne ya amince da buɗe gidan, ɗan jam'iyyar talakawa ya rufe shi. Wanda ya ɗauka cewa kullum sarauta ce mai riƙon tsohon abu, 'yan adawa kuma su ne masu maraba da sabo, tarihin Palace zai sa ya sake tunani.

9.0 Abin da Ya Biyo Baya

Bayan 1983 silima ta koma inda ta fito. Gidajen da suka rage, irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, duk a bayan ganuwa suke. Amma a daidai lokacin da ake rufe Palace, kallon da aka kora ta ƙofa yana shigowa ta taga. Gidajen talabijin na Kano suna nuna fina-finan Indiya, na'urar bidiyo kuma ta fara shiga gidajen masu hali. Matan kulle, waɗanda a da sautin kaɗai suke ji ta kan bango, yanzu suka ga hoton a tsakar ɗakinsu. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, mata da yawa cikin marubutansu da makarantansu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa, sana'ar da ta ɗauki rawa da waƙa irin na Indiya ta mai da su nata.

Bidiyo ta ci kasuwar manyan gidajen silima, aka yi ta mai da su kantuna da rumbunan ajiya. A Fagge sunan Wapa ya wanzu, amma in aka ambace shi canjin kuɗi ake tunawa. Gardamar kuwa ba ta mutu ba. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, a 2001 kuma ta kafa hukumar tace fina-finai. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, cikin Jihar Kano, malamai suka yi ca a kai, aka janye. Hujjojin da aka ji a 2016 ba su da nisa da waɗanda aka ji a Jakara a 1952, kuma a duka biyun tambayar ita ce a ina za a ajiye abin, kusa da wa.

10.0 Kammalawa

An ga cewa ƙurar da Palace ya tayar ta samo asali ne daga wurin da aka gina shi da lokacin da aka gina shi: cikin ganuwa, kusa da Kurmi, shekara guda bayan mutum 331 sun ƙone a El Duniya. An ga cewa fasalin ginin, fili marar rufi wanda tikiti ke tsara zamansa, ya ci karo da tsarin gida da na taro na Bahaushe. An kuma ga cewa rufe shi ya kawar da matattara, amma abin da aka kalla a cikinsa ya riga ya shiga harshe da waƙa da labari.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Takardun gwamnati sun adana muryar Razdan da ta shugaban 'yan sanda. Muryar mai sayar da tikiti, da mai jan na'ura, da mai tallar gyaɗa a bakin ƙofa, da matar da ta haddace waƙar Indiya daga bayan bango, tana cikin ƙirjin masu ita. Wanda yake ɗan shekara ashirin ranar da aka rufe Palace ya haura sittin. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya nufi Jakara tun masu labarin suna zaune a ƙofar gidajensu.